Ƙwan da Na Ɗumama

Ni ban yi boko ba, karatun allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Jikata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Na gaya mata in ta ji na yi shiru ta jira ni, kada ta cike mini da nata, domin tun da mai gidana ya rasu kuka ba ya yi mini sallama kafin ya shigo.

Shekara hamsin da wani abu muka yi da Malam a ƙauyenmu, can gefen Zango. Manomi ne, gero da gyaɗa. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya bar wa 'ya'yan ƙanensa gonar, ya sayo kaji shida irin na gidan gona, masu yin ƙwai ba sa kwanci. Shi ya gina musu akurki da hannunsa, shi ke ba su dusa, shi ke canja musu ruwa. Da hantsi zai shigo da ƙwan a cikin hularsa, kansa ba komai, ya miƙo mini ya ce, "Ga abin da matan suka aiko miki." Haka yake kiran kajin, matan. Ciwon da ya ɗauke shi bai kai mako biyu ba.

Da na fita takaba, ɗana ya zo ya ce in tattara mu koma gidansa a cikin Daura. Na ce ba inda za ni sai da kajin. Lokacin huɗu suka rage. Aka sa su a kwando aka ɗaure a bayan mota, aka yi musu wuri a lungun gidan, kusa da famfo.

Ba abin da zan ce da ɗana da matarsa sai godiya. Ɗakina daban, abinci a kan lokaci, magani ba ya yankewa. Amma gidan ba shi da aikin da na iya. Murhunsu na gas ne, ina tsoronsa. Ba turmi, ba randa, niƙa sai inji. In na ɗauki tsintsiya surukata ta karɓe, in na jawo kwanuka ta ce, "Haba Inna, ki huta." Ga hannuna ya fara rawa, ido ya yi hazo, kunnen hagu ya toshe. Na wayi gari ni da na ciyar da gida shekara hamsin, aikina shi ne in zauna a kawo mini. Kajin nan huɗu su kaɗai suke jiran wani abu daga hannuna.

A bazarar bara surukata ta haihu, namiji. Ranar da yamma ɗana ya shigo ɗakina ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce, "Inna, sunan Baba za a mayar masa." Na juya fuskata ga bango na yi ta kuka, shi kuma ya zauna nan har na gaji.

A zamaninmu, in aka yi haihuwa irin wannan, ni ce zan zauna a gaban kasko kwana biyu ina suyar dubulan da alkaki. Yanzu yatsuna ba sa iya murza ko ɗaya. Kuma matan yanzu kek suke sa wa 'yan suna a leda, ƙanana-ƙanana, wanda ake gasawa a gwangwani. Autata, wadda ke aure a Sandamu, ita ta iya shi. Ta bugo waya ta ce ita za ta yi na sunan, za ta zo ana gobe suna. Sai wani tunani ya zo mini, na ce a ba ni wayar.

Na ce, "Auta, wannan kek ɗin naki da ƙwai ake yi?"

Ta ce, "Da ƙwai mana, Inna. Ƙwai da fulawa da bota da suga."

Na ce, "To kada ki sayo. Da na kajin ubanki za ki yi."

Ta ce, "Za su isa?"

Na ce, "Zan tara miki."

Abin da nake so ke nan, ba wani abu ba. Yaron da zai ɗauki sunan Malam, ya zama abin da za a ci ranar sunansa akwai kajin Malam a ciki, akwai hannuna a ciki. Ba ni da gona, ba ni da ƙarfi, amma wannan ina ganin zan iya.

Daga ranar na fara tarawa. Zafin bazara a Daura ba ya barin ƙwai ya yi kwanaki. A ƙauye gindin randa nake binne shi cikin yashi mai laima, to nan ba randa. Surukata daga kan gadon jego ta ce, "Inna, ki riƙa sawa a firiji, na sola ne, ba ya ɗaukewa." Aka nuna mini wani gurbi a jikin ƙofar firijin, mai rami-rami, kowane ƙwai da mazauninsa. Kullum in je akurki sau uku sau huɗu. Wata rana uku, wata rana biyu saboda zafi, rana ɗaya duk huɗun suka yi. Duk wadda ta zo barka sai na gaya mata: kek ɗin suna da ƙwan kajin marigayi za a yi. Har mutanen ƙauyenmu da suka zo sai da na buɗe firijin na nuna musu. Ana gobe suna ina da goma sha bakwai.

Da safiyar ranar, wajen hantsi, auta ta bugo. Hayaniyar tasha ta cika wayar.

"Inna, kin tashi lafiya? Ya mai jego?"

"Lafiya lau. Kina ina?"

"Ina tasha, mota ba ta cika ba. Inna, ki taimake ni da abu ɗaya. Ƙwan nan na firiji, ki fitar da shi ki ɗan ɗumama mini kafin in iso, kada mu ɓata lokaci."

"In yi me?"

"Ki ɗumama shi. A ruwa..."

Sai maganar ta riƙa yankewa tana dawowa, wani mai neman fasinja yana ta ihu a kusa da ita. Daga baya ta ce ta yi mini bayani duka, wai ruwa mai ɗumi-ɗumi, na ɗan lokaci kaɗan, ko kuma in ajiye shi kawai a kan tebur ya sha iska. Ni kalma biyu na ji: ɗumama, da ruwa.

Da na so, da na ce ta maimaita. Ban ce ba. Wata nawa ina gidan nan ba wanda ya ce da ni yi mini kaza. Na ji tsoron in na ce ban gane ba ta ce, "Bar shi Inna, in na zo na yi." Sai na ce, "To, na ji," na miƙa wayar.

Kuma a ganina ba abin da ban gane ba. A wajenmu ɗumame abu ɗaya ne. Tuwon da ya kwana, ka yanka shi, ka sa a tukunya da ɗan ruwa, ka ɗora a wuta har tururi ya ratsa shi. Kowace safiya ta Allah na yi shi shekara hamsin. Malam in ya sa yatsa ya ji tsakiyar da sanyi, ba ya faɗa, sai ya ture kwanon a hankali ya ce, "Wannan bayansa kawai wuta ta gaisar." Tun ina amarya na koyi cewa abin da aka ce a ɗumama, sai zafi ya kai cikinsa.

A tsakar gida kuwa akwai wutar da na sani. Saboda wankan jego an kafa murhun duwatsu, da ƙatuwar tukunya da itace. Gwaggon surukata, wata sa'ata mai barkwanci wadda ta zo daga Mai'aduwa don yi mata wanka, ta riga ta kwashe ruwan ta shiga da ita makewayi. Saura kaɗan ya rage a gindin tukunyar, ga garwashi ja.

Na fito da ƙwan ɗaya-ɗaya na zuba a kwanon sha, hannu biyu, don kada rawar hannu ta ci amanata. Sanyinsu kamar ƙanƙara, har suna gumi. Na ɗebo ragowar ruwan nan a wata ƙaramar tukunya, na tsoma hannu. Na ji ɗumi ne kawai. Yanzu na san hannuna ba abin gwada ruwa ba ne. Hannun da ke ɗaukar garwashi daga murhu zuwa kasko, abin da yake kira ɗumi wani ƙuna zai kira shi. Na jera ƙwan a ciki. Biyu suka yi ƙara, suka tsage, wani farin zare ya fito daga jikinsu. Na ce a raina ƙwan gidan gona dama ɓawonsa ba ƙwari.

Ba a jima ba na sake taɓa ruwan, na ji ya salance, sanyin ƙwan ya cinye shi. Na ɗauki ɗaya na jinjina a tafin hannu. Bayansa da ɗumi, amma ina na san cikinsa? Sai na ɗauki tukunyar na ɗora a kan garwashin, na rufe. Ban hura wuta ba, ban bari ya tafasa ba, ina zaune a kujera 'yar tsugune ina tsaronsa. Da na ga tururi ya fara fita ta gefen murfi na sauke, na tsiyaye ruwan, na lulluɓe tukunyar da tsumma don kada ya huce kafin ta iso.

Ba zan ɓoye ba, a wannan ɗan lokacin na ji daɗin da ban ji ba tun rasuwar Malam. Ina zaune gaban murhu, hayaƙi na shiga idona, ga tukunya ina jira. Har na yi magana ni kaɗai, na ce, "Malam, ga matanka sun yi aiki."

Auta ta iso da jakar gwangwanayenta da buhun gawayi ƙarami. Ta gaishe ni, ta leƙa mai jego, ta ɗaura zane a kan rigarta ta zauna a inuwar baranda. Ta zuba bota da suga a babbar roba ta yi ta bugawa da muciya har suka yi fari suka yi laushi. Sannan ta ce, "Inna, ina ƙwan?"

Na ɗauko tukunyar da tsummanta na ajiye a gabanta. Da ta yaye tsumman ta ji zafin murfin, sai ta ɗago ta dube ni. Ta ɗauki ɗaya, ta yi saurin mayar da shi ɗaya hannun, ta fasa a bakin wani kofi. Bai zubo ba. Farin ya kama jikin ɓawon, ya yi kamar kindirmo, kwanduwar ce kawai ta gangaro, ita ma gefenta ya fara ƙullewa. Ta fasa na biyu. Ta fasa na uku, daga ƙasan tukunyar, shi kam ya dahu sarai.

Ta ce, "Inna, a wuta kika ɗora?"

Na ce, "Kin ce in ɗumama."

Ta ce, "Haka na ce."

Daidai nan gwaggon mai jego ta fito tana yarfe hannu, ta leƙa tukunyar ta kwashe da dariya. Ta ce, "Yau ga sabon salo. Gobe sai a ba 'yan suna ƙwai da yaji, a ce musu kek ɗin Zango ke nan. Ke tsohuwa, mai shayi za ki koma ne?"

Wasa ne irin wanda muka saba, ni ma kullum ina rama mata. Ranar ban iya ba. Da ta ga fuskata sai ta daina dariyar, ta ce, "Af, na kajin marigayin ne?" Ta nemi kujera ta zauna.

Na ce da auta, "Ba za a iya murje shi a zuba haka ba? Ai ƙwai ƙwai ne."

Ta ce, "Ba zai yi ba, Inna. Ɗanye ake so. Shi ke riƙe kwaɓin, shi ke sa ya tashi."

Na ce, "To in ɗanye ake so, me ya sa kika ce a ɗumama?"

Sai ta matso kusa da kunnena mai ji, ta yi mini bayani a hankali kamar yadda na riƙa yi mata tana yarinya. Wai in aka fasa ƙwai mai sanyin firiji a cikin botar da aka buga, botar sai ta daskare ta tsinke gudaji-gudaji, kwaɓin ya ƙi haɗuwa, kek ya fito a kwance da tauri. Don haka ake fitar da shi tun da wuri a ajiye, har sanyin ya fita da kansa. In ana sauri, a sa shi a ruwan da ko jariri za a iya tsomawa, na ɗan lokaci. Ta ce, "Ki ɗora shi a kumatu, in ba ki ji sanyi ba, ba ki ji zafi ba, to ya yi. Ba zafi ake nema ba, Inna, sanyin kawai ake kora."

Na ce, "Wato da na fitar da shi na ajiye na tafi na kwanta, da ya yi?"

Ta ce, "Da ya yi."

Na ce, "Wannan ai ba ɗumame ba ne. Me ya sa kuke kiransa haka?"

Ta ce, "Ban san wani sunan da zan kira shi ba. Laifina ne, Inna, da ban yi miki aike ta waya ba."

Ba wanda ya yi mini faɗa. Da an yi, wataƙila da na sami abin da zan riƙe. Auta ta fasa sauran ɗaya bayan ɗaya ko za a sami mai rai, ba a samu ba. Ta kira yayanta a waya, ba a jima ba ya shigo a kan babur da ƙwai kiret guda daga shagon Ibon nan na bakin titi. Na miƙe na ce a ba ni wannan in gyara, yanzu na gane. Auta ta taɓa ɗaya ta ce, "Wannan ba daga firiji yake ba, Inna, ba ya bukatar komai." Ta fara fasawa.

Sai na tuna ranar ban je akurki ba. Ko ɗaya aka samu aka jefa a cikin kwaɓin, ai an sa. Na tafi lungun da sauri iya saurina. Ba ko ɗaya. Kajin suna tsaye baki buɗe saboda zafi, fukafukai a sake. Na canja musu ruwa, na zuba dusa, na jawo bulo na zauna a gabansu. Na leƙo na ce da auta ta rage mini kwaɓi kaɗan, ta jira. Ta ce to. Ta yi zubin farko a gwangwanaye, ta jera su a cikin wata babbar tukunya mai yashi a ƙasa, ta ɗora a gawayi. Ƙamshi ya cika gidan. Ta yi na biyu, ta yi na uku.

Ina zaune ina roƙon kaji. Wallahi roƙonsu nake yi, da baki. Na ce da jar kazar, "Ke ja, ke ce ba kya fashi. Ki taimake ni yau." Ta dube ni da ido ɗaya ta ci gaba da haki. Na yi azahar a nan kusa da su, na koma na zauna. Auta ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Inna, kwaɓin in ya daɗe a zafin nan zai lalace, gawayin ma ya kusa cinyewa." Na ce ta ƙara mini kaɗan. Ta ƙara. Da ta dawo karo na biyu ban ɗago kai ba, na ce, "Je ki zuba."

Ana kiran la'asar jar ta shiga gurbi ta yi. Na sa hannu na ɗauko shi da ɗuminsa, na kai wa auta. Ta riga ta sauke tukunya, tana wanke roba. Ta karɓa ta riƙe a tafin hannunta, ta ce, "Kin ji wannan? Ko sanyinsa ya ɗan fi haka ma ya yi." Sai ita ma ta fara hawaye. Muka tsaya a tsakar gida da ƙwai ɗaya a tsakaninmu, ba abin da za mu yi da shi. Goma sha bakwai ɗin nan kuwa gwaggo ta tattara abin da zai tattaru ta soya da albasa, aka ba mai jego da masu aiki. An kawo mini, na ce na ƙoshi.

Washegari aka raɗa suna da safe. Ina ɗaki na ji maroƙi ya faɗi sunan a ƙofar gida, sunan da ban taɓa furtawa da bakina ba shekara hamsin, na ji shi yana yawo a unguwa. Da rana mata suka cika gida. Aka riƙa raba leda, kowace da kek biyu da cincin. Ina zaune a kan tabarma a baranda, auta na gefena, sai matar ƙanen Malam, wadda ta zo daga ƙauye, ta gutsiri nata ta ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Yaya, wannan ne na ƙwan kajin marigayi? Shi ya sa ya yi daɗi haka. Allah Ya kai ladan kabarinsa."

Mata suka amsa da amin. Auta ta matse mini hannu ta ƙarƙashin mayafi, na san nufinta, in yi shiru a bar shi a haka. Da na yi shiru ba wanda zai sani sai mu 'yan gida. Amma addu'a aka yi, kuma a kan abin da ba haka yake ba.

Na ce, "A'a, na shago ne. Nasa na dafa su jiya."

Ta ce, "Kika dafa? Don me?"

Na ce, "An ce in ɗumama."

Wasu suka yi dariya, suna tsammanin wasa nake. Matar ƙanen Malam ba ta yi ba, domin ita ma da aka ba ta aikin abin da za ta yi ke nan. Ta dubi kek ɗin da ke hannunta, ta ce, "To Allah Ya ji ƙansa duk da haka." Aka sake cewa amin, aka ci gaba da hira.

Ni ma an ba ni ledata. Na ƙulle ta a bakin mayafi, na ce sai anjima. Kwana uku tana nan a ƙulle, har surukata ta gani za ta yi wanki, ta kwance ta ba kaji.